Gwanintar Kafa Mas'ala a Bakin Ruwan Tiga

Ruwan da ke shayar da shinkafar Kura da tumatirin Bunkure ba inji ke turo shi ba. Daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, yake gangarowa da ƙafarsa, ya bi babban kanal ta Ruwan Kanya, ya rabu reshe-reshe, har ya iso 'yar hanyar da manomi ke ɗora tiyo ya zuƙo shi cikin kunyoyinsa. Duk ruwan da ke tafiya haka kuwa yana da na gaba, yana da na baya. Wanda gonarsa ke kusa da ƙofar ruwa yakan sha ya ƙoshi, wani lokaci har ya bar shi yana malala a banza. Wanda ke ƙarshen layi sai abin da ya rage, bayan ciyawa da yashi sun ci rabonsu a hanya. Da wuya rani ya wuce a yankin ba a yi cacar baki kan wannan ba, wani ya toshe hanya da buhun ƙasa cikin dare, wani ya zo da asuba ya yaye.

Masu iya faɗa kan ruwa suna da yawa. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne mutumin da ke iya ɗaukar wannan rigima ya mayar da ita tambayar da kowa zai zauna ya yi tunani a kanta, har na gaba ya faɗi gaskiyar da ba ta yi masa daɗi ba, da bakinsa, ba tare da an tilasta shi ba. Malaman zaure suna kiran wannan suranta mas'ala. Masana falsafa na jami'o'i suna kiransa gwajin tunani. Sana'a ce mai zaman kanta, tana da ƙa'idoji, kuma masu iya ta ba su da yawa.

Na ga wani dattijo yana yin ta a wata majalisa ta bayan la'asar a gefen Kura. Tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya. An daɗe ana ta musu kan ranakun ban ruwa, murya ta fara tashi, shi ko yana gefe yana ɓare goro. Da ya ga an fara maimaita magana, sai ya dubi wani mai babbar gona a kan ruwa ya ce:

"Alhaji, ina da tambaya, amma ba kan gonarka ba."

"Bismillah, Malam."

"Mu ƙaddara hukuma ta karɓe gonakin layin nan duka, ta ce gobe za a sake raba su da ƙuri'a. Kowa zai samu daidai faɗin abin da yake da shi, amma ba wanda ya san inda takardarsa za ta jefa shi, ko bakin ƙofar ruwa ko can ƙarshe. Sai aka ce mana, yau da daddare kafin a jefa ƙuri'ar ku rubuta dokar rabon ruwa, kuma ba za a sake ta ba. Wace doka za ka sa wa hannu?"

Alhajin ya yi dariya ya ce ai hukuma ba za ta yi haka ba. Dattijon ya ce ya sani, ƙaddarawa aka yi. Aka yi jim. Can Alhaji ya ce, in haka ne shi zai ce a riƙa fara ba na ƙarshe, domin na kusa da ƙofa ko yaya aka yi ba zai rasa ba. Wani matashi da gonarsa ke ƙarshen layi ya buɗe baki zai yi murna, dattijon ya ɗaga masa hannu: "Tsaya, ɗana, kai ma taka tana zuwa. A ce kai ƙuri'a ta jefa bakin ƙofa, aka ce ranar yashe kanal kowa ya fito da shebur har zuwa ƙarshen layi, alhali kai ruwanka ba ya bi ta can. Za ka fito?" Yaron ya sosa ƙeya.

Abin da dattijon nan ya yi ya cancanci a warware shi dalla-dalla, domin a ido yana da sauƙi. Da farko ya cire abu guda tak daga cikin rigimar, wato sanin inda gonar kowa take. Bai cire ruwa ba, bai cire ƙarancinsa ba, bai mai da mutane waliyyai ba. Ya bar wa kowa son kansa cif, har ma da shi ya yi aiki: son kan da ke sa Alhaji ya tare ruwa yau, shi ne zai sa ya tanadar wa na ƙarshe idan yana tsoron gobe shi ne na ƙarshen. Wanda bai iya ba yakan cire abubuwa da yawa har labarin ya daina kama da rayuwa, mutane su ce wannan ai tatsuniya ce. Ko kuma ya bar komai a ciki, da sunayen mutane da tsohuwar gaba, a koma gidan jiya. Sanin abin da za a cire da abin da za a bari shi ne rabin sana'ar.

Sannan bai ba da amsa ba. Wannan ya fi komai wuya ga mai ilimi, domin harshe na ƙaiƙayi. Ya yi tambaya ya koma ga goronsa, ya bar shiru ya yi aikinsa. Da aka amsa kuma bai ce "ka gani ko?" ba. Da ya faɗi haka, da Alhaji ya ji an kama shi a tarko, ya janye maganarsa, gobe kuma ba zai sake amsa tambayar Malam ba. Maimakon haka sai ya juya ga wanda ke shirin cin nasara ya ɗora masa nasa nauyin. A nan kowa ya gane tambayar ba ta da ɓangare.

Mai karatu da ya san falsafar zamani zai gane wannan dabara. Ita ce John Rawls na Jami'ar Harvard ya gina littafinsa na 1971 a kanta, A Theory of Justice, inda ya ce a ƙaddara mutane suna zaɓar dokokin zaman tare a bayan wani labule, ba wanda ya san ko mai kuɗi zai zama ko matalauci, mai lafiya ko mai lalura. Dattijon bai karanta Rawls ba. Ya gaya mini cewa a waya ya ji ana tattauna batun, cikin shirye-shiryen podkas da wani ɗansa ke sauke masa, yana saurare a hanyar gona. Abin da ya ƙara da kansa shi ne ƙuri'a da kanal da shebur, kuma a ganina wannan ƙarin ba ƙaramin aiki ba ne.

Ba mamaki a ce ta kunne irin wannan tunani ya iso Kura. Falsafa a rubuce tana da nauyi ko ga wanda ya yi jami'a, amma idan mutum biyu suna hira, ɗaya ya kafa misali ɗaya yana neman inda zai ɓalle, mai saurare yakan tsinci kansa ya zama na uku. Shirin Philosophy Bites, wanda Nigel Warburton da David Edmonds suka fara a Ingila a 2007, haka yake tafiya: a zaunar da masani guda, a ɗauki tambaya guda, a gama cikin kimanin sulusin awa. Gwanintar mai gabatarwa a irin wannan shiri ita ce ya tsaya a madadin wanda bai sani ba, ya tare masanin a daidai inda mai saurare zai so tare shi, ya ce, to idan kuma aka canza kaza fa? Peter Adamson kuma tun 2010 yake bin tarihin falsafa daki-daki a shirinsa History of Philosophy Without Any Gaps. Da shi da Chike Jeffers suka buɗe sashen falsafar Afirka, suka keɓe kashi guda ga Daular Sakkwato, inda aka yi maganar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u da Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu da ya yi rubutu kan falsafa. Abin takaici ne a ce Adamson, Bature a Jamus, ya riga gidajen rediyonmu zama a kan ɗan Tafa.

Misalin da ya fi yawo a irin waɗannan shirye-shirye shi ne na taragon da ya ƙwace. Philippa Foot ta Oxford ce ta kawo shi a 1967: birki ya tsinke, mutum biyar suna aiki a kan layin dogo a gaba, akwai wani reshe da mutum ɗaya ke kai, direba na iya karkatawa. Yawancin mutane sukan ce ya karkata. Daga baya Judith Thomson ta Amurka ta canza abu guda: babu reshe, amma kana kan gada, kusa da kai ga wani ƙato, in ka tura shi ƙasa jikinsa zai tsayar da taragon. Lissafi bai canza ba, ɗaya ne a madadin biyar, amma mafi yawan waɗanda suka ce a karkata sai su ce a'a. To me ya bambanta? Nan ne aikin yake. Mutum ya gano cewa akwai wata ƙa'ida da yake bi a zuciyarsa wadda bai taɓa furtawa ba, cewa mai da ɗan Adam makami daban yake da kauce wa babbar ɓarna. Canza abu guda a lokaci guda, a riƙe sauran yadda suke, shi ne yadda ake tono irin wannan ƙa'ida, kuma shi ne abin da dattijon Kura ya yi da ya sauya wurin matashin nan daga ƙarshen layi zuwa bakin ƙofa.

Kada wani ya ɗauka baƙon abu ne aka kawo mana. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo mas'ala mai kama da wannan a cikin al-Mustasfa: jirgin ruwa ya yi nauyi, in an jefa mutum ɗaya cikin teku saura za su tsira, in ba a jefa ba duka za su nutse. Ya ce ba a jefawa, kuma ya ƙi yarda a fitar da wanda za a jefa ta hanyar ƙuri'a. Ibn Sina tun kafin nan ya ce a ƙaddara an halicci mutum lokaci guda, cikakke, yana reto a sarari, ba ya gani ba ya ji ba ya taɓa komai, ko gaɓoɓinsa ba sa haɗuwa: zai san da kansa ko ba zai sani ba? Da wannan ya kafa hujjarsa kan rai.

Amma wadda ta fi burge ni tana cikin ilimin rabon gado, kuma duk ɗalibin da ya zauna gaban malami a kan wannan babi ya ji ta. Mace ta rasu ta bar miji, da uwa, da li'ummai biyu, wato 'yan uwan da suka haɗa uwa kaɗai da ita, da shaƙiƙai. Miji ya ɗauki rabi, uwa sudusi, li'ummai sulusi, dukiya ta ƙare, shaƙiƙai da suka haɗa uwa da uba da mamaciyar suka tashi a tutar babu. Littattafan gado sun kawo cewa da aka je gaban Sayyidina Umar, sai aka roƙe shi ya ƙaddara uban shaƙiƙan jaki ne, ko dutse ne da aka jefa a teku, shin ba uwa ɗaya ta haife su da li'umman ba? Sai ya haɗa su a cikin sulusin. Shi ya sa ake ce wa mas'alar Himariyya, wato ta jaki, kuma a kan haɗawar mazhabar Malikiyya take. Dubi yadda aka yi: an cire abu guda, wato uba, aka ga cewa dangantakar da ta rage ita kanta ta isa ta ba da rabo, don haka ƙarin kusanci bai kamata ya zama sanadin rashi ba. Ban san gwajin tunanin da ya fi wannan gajarta da kaifi ba, ga shi kuma ya sauya hukunci a aikace.

Malamanmu sun kuma san haɗarin abin. An ruwaito cewa Imam Malik ba ya son yawan tambaya kan abin da bai faru ba. Asad bin Furat, ɗalibinsa daga Ƙairawan, ya yi ta jero masa "in kaza ya faru fa", har Imam ya nuna masa cewa in irin wannan yake so ya nufi Iraƙi. Ya kuwa tafi. Abin sha'awa, daga tambayoyin da Asad ya tara ne aka samu tushen Mudawwana ta Sahnun, wadda kusan gaba ɗayanta tambaya ce da amsa tsakanin Sahnun da Ibnul Ƙasim. Ke nan mazhabar da muke bi ta riƙe abu biyu tare: ta yi amfani da ƙaddarawa, ta kuma ja kunne kada ta zama wasan nuna ƙwaƙwalwa. Gwani na gaske yana jin wannan jan kunne. Ba ya kafa mas'ala don a ce ya iya, kuma akwai wuraren da ba ya shiga da ita, musamman abin da nassi ya riga ya yanke.

Ko a zancen ruwan ma akwai nassi. A cikin Muwaɗɗa an kawo hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan wasu koramu biyu na Madina, Mahzur da Muzainib: na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. A majalisar da nake ba da labari wani almajirin ilimi ya kawo wannan, yana ganin ya kashe magana, tunda an ce na sama ne farko. Dattijon ya karɓa hannu bibbiyu, sannan ya ce: "Allah gafarta Malam, hukuncin ya ba na sama farko, ya kuma sa masa iyaka. Mu da muke zuƙa da tiyo muna bin ranaku, mene ne idon sawunmu? Awa nawa ne? Tiyo nawa ne? Kuma koramar da ruwan sama ya kawo, da kanal ɗin da aka gina da kuɗin jama'a kowa yana biyan kuɗin ruwa, hukuncinsu ɗaya ne?" Ya bar wa malamai wannan, domin tasu ce. Amma ya fitar da tambayar da ya kamata a kai musu, wadda kafin nan ba wanda ya tsara ta.

Inda ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ɗaga mas'alar daga layi guda ya shimfiɗa ta a kan kogin gaba ɗaya. Ruwan da Tiga ke tarewa, da wanda madatsar Challawa ke tarewa tun 1992, da can yana wucewa ne ya zama Kogin Haɗeja, ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Cadi. Masunta da masu shinkafar fadama da makiyaya na can sun ga ambaliyar da suka dogara da ita ta sauya, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Sai dattijon ya dubi matashin nan na ƙarshen layi ya ce, "Kai da kake kuka da Alhaji, a wurin mutumin Nguru kai ne Alhaji. Dokar da ka nema wa kanka ɗazu, ka yarda a ba shi ita?" Ba a samu amsa a ranar ba, kuma ban ga laifin kowa ba, domin tambayar ta fi ƙarfin zama ɗaya. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke kula da madatsun biyu, ita ma da wannan tambayar take kwana take tashi.

Akwai wani abu da nake ganin ya raba gwani da ɗan koyo, wato sanin cewa misali ba ya maye gurbin zuwa a gani da ido. A 1968 Garrett Hardin ya kafa wani misali da ya shahara: makiyaya ta kowa da kowa, kowane makiyayi yana ƙara dabba domin riba tasa ce asara ta jama'a, har ciyawa ta ƙare. Aka ɗauki wannan tamkar doka, aka ce abin da jama'a suka mallaka tare dole ya lalace sai gwamnati ta karɓe ko a sayar wa mutum ɗaya. Elinor Ostrom ta ce a je a duba. Ta bi diddigin manoman rani a Sifen da Filifin da Nepal, ta samu al'ummomin da suka daɗe suna raba ruwa da dokokin da suka tsara da kansu. A Balensiya har yau wakilan manoma na zama kowace Alhamis a ƙofar babban cocin garin suna yanke shari'ar ruwa da baki. Littafinta na 1990, Governing the Commons, yana cikin abin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2009. Kuskuren misalin Hardin shi ne ya cire abin da bai kamata a cire ba: ya ƙaddara makiyayan ba sa magana da juna. A Kura kuwa ana magana, ana haɗuwa a masallaci da wurin suna da jana'iza, ana jin kunyar juna. Shi ya sa dattijon, bayan duk ƙaddare-ƙaddarensa, da zancen ranar yashe kanal ya rufe majalisa, da wanda zai zagaya ya sanar.

Yanzu da aikin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara hanyoyin ruwan yankin ya kuma ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa nauyin kula da ƙananan kanal da tara kuɗin ruwa, manoma ne da kansu ke zaman tsara doka. Kowane irin wannan zama yana bukatar mutum guda da ya iya abin da dattijon nan ya iya, kuma ana koyonsa ne ta hanyar jin ana yi.

Kunnen da zai saurara yana nan. Mutanen da suka saba da Sashen Hausa na BBC tun 1957, suka rungumi Freedom Radio da ta buɗe a Kano a 2003, suke bin podkas ɗin Aminiya irin su Najeriya a Yau da Daga Laraba, ba za su gaji da rabin awa na tunani ba. Ina kira ga masu shirye-shirye a Kano da matasan da ke da makirfo da waya: ku zaunar da malamin fiƙihu guda, da malamin jami'a guda, da manomi daga kan ruwa, da wani daga ƙarshen layi. Ku kafa musu mas'ala guda, ku canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, kada ku yi gaggawar yanke hukunci, ku bar masu saurare su bugo waya. Ku fara da ƙuri'ar gonaki, ku ɗauki shirin a Kura ko Bunkure lokacin ban ruwan alkama, kashi na biyu kuma ku kai shi Nguru.